Yare Uku da Juma'a Ɗaya a Sharaɗa

Wasu samari a layinmu na Panshekara sun tare ni bayan La'asar. Ɗayansu ya ce ya ji ni na rubuta manhajar da ake aiki da ita a kamfanin robarmu, kuma shi ma zai iya rubuta irinta cikin sati biyu in ya samu data ya kalli bidiyo. Ban yi masa musu ba. Na ce zan rubuta musu yadda aikin yake daga farko, a jere, su kuma su karanta a jere, kada wanda ya tsallake zuwa ƙarshe.

Na farko, koyo. Sakandare na gama, sai kwas ɗin tafireta na wata shida. Da shi na samu aiki a wata masaƙa a Bompai, ina buga takardar fitar motocin kaya. Kwamfuta ɗaya ce a ofishin, mai kula da ita wani mutumin Filato ne, Mista Gyang. Shi ya fara gaya mini cewa kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, tana da yarukanta da ake rubuta mata umarni da su, kowanne da ƙa'idarsa. Yaren da ya koya mini sunansa Visual Basic. Dokar Mista Gyang ɗaya ce: ba a taɓa kwamfuta sai an gama aikin a takarda. Kayan aikina tun daga lokacin ba su canza ba, littafi mai layi, rula ta ƙarfe, biro baƙi na rubutu, biro ja na gyara.

Aikin farko da ya bar mini shi ne manhajar buga takardar fita. Na rubuta mata cewa lambar mota dole ta zo da tsari irin namu na nan. Kwana huɗu tana aiki lafiya. A na biyar wata tirela ta zo daga Nijar da lamba irin tasu, manhaja ta ƙi karɓa, takarda ta ƙi fita, mai gadi ya ƙi buɗe ƙofa. Direban ya yi awa uku yana zagin duk wanda ya ƙirƙiro kwamfuta har kakansa. Mista Gyang bai yi mini faɗa ba. Kujera ya ba ni, ya ce in zauna a bakin ƙofa kwana uku in rubuta lambar duk abin da ya shiga, har amalanke.

Na biyu, muguwar shekara. Masaƙar ta rufe. Mista Gyang ya koma gida, ni kuma na sayi tsohuwar kwamfuta a gwanjon kayan ofis, na kama rumfa a Dakata ina buga wa direbobi takardun kaya da wasiƙu. Wuta ba ta zuwa sai ta ga dama. Ranar da babu wuta, a littafi nake rubuta manhaja, in bi ta layi layi da rula, in kama kuskurena da jan biro, don kada hannu ya manta. Wata goma sha huɗu na yi a rumfar nan.

Na uku, Sharaɗa, inda na samu aiki a kamfanin roba. Kamfaninmu bokiti yake yi da buta da robar wanka. Injuna goma sha biyu, layi uku, kowane layi da sufabaizansa. Na rubuta musu manhaja a kwamfutar ofis wadda ke riƙe da wanda ya yi aiki a kowane inji, guda nawa ya fitar, guda nawa suka lalace. Sufabaiza ya rubuta a takarda, a kawo mini, in shigar. Shekara goma sha huɗu haka, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Sai wata Litinin mai kamfanin, Alhaji Tijjani, ya kira ni. Ya ce ya gaji da jiran takarda. Yana so sufabaizoji su riƙa shigar da komai a wayoyinsu daga gindin inji, mai sito ya gani a kwamfutarsa, shi kuma ya gani a wayarsa ko yana Na'ibawa ko yana Abuja. Na ce masa yaren da na iya ba ya hawa waya. Ya ce ya sani, wasu mutane daga Legas sun riga sun gaya masa, kuma suna da tasu manhajar a shirye.

"Sati shida na ba ka, Malam Habu," in ji shi. "In taka ta hau waya, shi ke nan. In ba ta hau ba, zan sayi tasu, ofishinka kuma in zuba murafen bokiti a ciki."

Shekaruna hamsin da huɗu a ranar. Na ce, "Ranka ya daɗe, na ji."

Yanzu mun zo kan abin da kuke cewa mai sauƙi ne. Ba rubuta manhajar ce matsalar ba, na san abin da za ta yi tun kafin a haifi wasunku. Matsalar ita ce da wane yare. Mutum ɗaya ne ni, ba zan rubuta ta sau biyu ba, ɗaya ta kwamfuta ɗaya ta waya, in riƙa gyara biyu har in mutu. Yaren da za a rubuta sau ɗaya ya hau duka biyun nake nema. Na yi sati guda ina karatu da tambaya, kowa na tambaya sai ya yabi wanda ya iya ya kushe sauran. Na tace na bar uku. Na Ɗaya, C#, wanda gidansu ɗaya da tsohon yarena, ina ganinsa na gane kamannin. Na Biyu, JavaScript, wanda masu iya shi suka fi yawa, in ka maƙale ba ka rasa wanda za ka tambaya. Na Uku, Dart, da kayan haɗinsa da ake kira Flutter, wanda ban taɓa jin sunansa ba sai a satin.

Na ja layi a littafina, gida goma, don auna yarukan uku. Nauyinsa a waya. Cin caji. Ko yana aiki inda babu sabis, domin ɗakin injunanmu ƙarfe ne da kwano, waya ba ta kamawa sai an leƙa bakin ƙofa. Ko zai yi magana da tsohuwar firintar sito. Da sauransu. Zuciyata tana kan Na Ɗaya, amma na yi wa kaina alkawari jan biro ne zai yanke.

Sannan na nemi wayar da ta fi kowace lalacewa a kamfanin, don abin da ya hau ta zai hau kowacce. Ba a sha wahalar nema ba, kowa ya nuna Isufu, wani mutumin Maraɗi mai kula da inji na huɗu, magidanci mai 'ya'ya biyar. Gilashin wayarsa ya tsage gida uku, bayanta an ɗaure da robar ƙunshin kuɗi. Ya ba ni aro bisa sharaɗin kada in goge masa hoton raƙumin babansa.

Ranar da maɓalli na farko ya fito, ina zaune ni kaɗai da hantsi. Na rubuta layuka kaɗan, na ce a zana akwati kore a rubuta Inji Na Huɗu a ciki. Akwatin ya fito a kwamfutata. Na jona wayar Isufu da kebul, sai ga akwatin nan dai, koren nan dai, yana leƙo ni ta cikin tsagar gilashi. Na danna a kwamfuta, ya amsa. Na danna a waya, ya amsa. Na sake dannawa. Na yi ta dannawa ya fi sau talatin. Daga nan na tsinci kaina a tsakar kamfani ina sauri da waya a sama, na nuna wa mai gadi, na nuna wa direban da ke lodi, na nuna wa mai sayar da ƙosai ta bakin ƙofa, wadda ta ce in dai ba ya soya ƙosai ita ba ta ga abin gani ba. Ni da ma'aikata ke sauke murya in na wuce, a ranar har rawar kafaɗa aka ce na yi. Ban tuna ba, amma shaidu sun yi yawa.

Sati uku na yi ina rubuta ƙaramar manhajar gwaji sau uku, yare uku, aiki iri ɗaya. Ma'aikaci zai sa lambarsa a wayar sufabaiza in ya kama inji, inji ya zama kore. Duk awa a shigar da abin da ya fitar. In zai tashi ya danna Na Tashi, inji ya zama ja. Na sa mata doka biyu masu tsauri, irin waɗanda nake so: ba mai kama inji sai wanda sunansa ke jadawalin ranar, kuma mutum ɗaya inji ɗaya. Na raba, layi na ɗaya yare Na Ɗaya, na biyu Na Biyu, na uku Na Uku, dukkansu suna aika labari wuri ɗaya, inda Alhaji ke gani a wayarsa.

Babbar sufabaizarmu Madam Rifkatu ce, 'yar Kudancin Kaduna, ta riga ni zuwa kamfanin da shekara shida. Ita na fara koya wa. Ta ce maɓallan sun yi ƙanana, yatsunta na aiki ne ba na amarya ba. Na ƙara musu girma. Ta ce kalar ta yi kama da bokitin da aka ƙi saye. Wannan ban gyara ba.

Litinin da aka fara gwaji, lafiya. Talata lafiya. Alhaji ya riƙa kirana yana cewa yana ganin inji na tara ya fi na takwas sauri, me ya sa. Ranar Laraba ya nuna wa baƙinsa wayar a wurin ɗaurin aure. Ni kuma kullum da yamma in zauna in ba da maki da jan biro. Zuwa Alhamis gida goma sun cika, kuma abin haushi, yaren nan uku sun zo kusan kai ɗaya. Wanda ya ci a caji ya faɗi a nauyi, wanda ya ci a nauyi ya faɗi a firinta. Na Ɗaya ya wuce da maki guda, na ce to, magana ta ƙare, ranar Asabar zan sanar.

Ranar Juma'a ƙarfe ɗaya na kulle ofis, na kashe wayata, na tafi masallaci kamar yadda na saba shekara goma sha huɗu. Da na dawo wajen biyu da rabi, motar Alhaji na tarar a tsakar kamfani an ajiye ta a karkace, ƙofa a buɗe. Shi kuma yana tsaye a bakin ɗakin injuna da babbar rigarsa ta Juma'a, waya a hannu. Ya miƙo mini ita. Injuna goma sha biyu, tara ja ne. A bayansa kuwa injuna goma sha biyun nan suna ta ruri, bokitai na faɗowa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce yana fitowa daga masallaci ya duba, ya ga kamfaninsa ya mutu. Ya kira mai janareta, ya kira mai gyaran inji, ya tsallake abincin da aka gayyace shi, ya taho a guje. Yana so in gaya masa wanne zai yarda da shi, idonsa ko wayarsa.

Madam Rifkatu ce ta ba da amsa, tana share hannu da tsumma. Injin roba ba a kashe shi don awa ɗaya da rabi, in ya huce robar cikinsa ta daskare, sai an yi rabin yini ana lallashinsa. Don haka tun zamanin mahaifin Alhaji, duk Juma'a in Musulmi za su tafi masallaci, Kiristocin da ke sashen ɗaurin kaya da masu aikin yamma sukan shigo su riƙe musu injuna, wani ma ya riƙe biyu. Ranar Lahadi da safe Musulmi su riƙe wa masu zuwa coci. Ba a taɓa rubutawa ba. Ita takan sa sunan mai injin a takarda kamar bai tashi ba, takardar ta zo mini, in shigar. Yau masu tafiya masallaci sun danna Na Tashi kamar yadda na koya musu da tsawa, masu riƙewa suka sa lambarsu, manhaja ta ce ba ta san su ba. Ta fita bakin ƙofa ta kira ni, wayata a kashe, kuma fitar da ta yi ce ta ba wayar sabis ta aika wa Alhaji jan nan gaba ɗaya.

"Malam Habu," ta ce, "shekara goma sha huɗu kana tafiya masallaci kana jin ƙarar inji a bayanka. Aljanu ka zaci suna yi?"

Ma'aikata suka kwashe da dariya, har da waɗanda suka dawo da darduma a kafaɗa. Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce mutanen Legas za su zo ranar Litinin, kuma jibi Lahadi ce, ba zai sake ganin ja a wayarsa ba yana cin abinci. Ya ce in gyara yanzu, a gabansa, ya ga ko abin nawa mai gyaruwa ne.

Na ɗauko kwamfutata ta hannu, na kifa durom a gefen inji na huɗu, na ɗora ta. Ba littafi, ba rula, karo na farko a rayuwata. Na fara da Na Ɗaya tunda shi na zaɓa. Na rubuta gyaran, na tura. Kwamfutar tawa tsohuwa ce, ta ɗauki minti bakwai tana haɗawa kafin abu ya isa waya. Da ya isa, Madam Rifkatu ta duba ta ce ba haka ba, ai mutum ɗaya kan riƙe biyu. Na gyara, wani minti bakwai. Alhaji ya duba agogo. Isufu ya kawo masa bokiti ya kifa ya ce ya zauna, sabo ne, da ɗuminsa. Kada ku ce na kushe yaren. Daga baya na gano shi ma yana da hanyar sauri, ni ne ban san ta ba a ranar, kuma kwamfutata ba ta da ƙarfi. Amma a kan durom ɗin nan, da abin da na sani zan yi aiki.

Na buɗe Na Uku, na jona wayar Isufu, na ba Madam Rifkatu ta riƙe. Na rubuta sabon maɓalli, Na Riƙe Wa. Na danna ajiye. Kafin in ɗago kai ta ce ya fito. Na ce ba ya yiwuwa. Ta juyo mini da wayar, ga shi nan. Ta ce a sa jerin sunaye a ƙasa, na sa, ya fito. Ta ce a jera su bisa inji ba bisa harafi ba, wa ke da lokacin harafi. Na juya, ya juyu a hannunta. Isufu ya ce in an riƙe wa mutum kada injin ya zama kore sak, a ba shi wata kala don a san amana ce. Na ce wace kala. Aka fara gardama, masu shuɗi da masu ruwan ɗorawa. Na riƙa canzawa suna kallo, shuɗi, ɗorawa, shuɗi, ɗorawa, ina dariya kamar wanda aka yi wa cakulkuli, har Alhaji ya taso daga kan bokitinsa ya ce ruwan ɗorawa, kamfaninsa ne.

Sai na kawo tawa dabarar. Na ce zan ƙara gida da zai riƙa ƙirga sau nawa wane ya riƙe wa wane, don a san wanda bai rama ba.

Isufu ya ce, "A'a, Malam. Wannan tsakaninmu ne. Ranar da aka fara ƙirga shi, ya mutu."

Na dubi Madam Rifkatu, ta gyaɗa kai. Na dubi Alhaji, ya ɗaga kafaɗa ya ce shi bokiti yake ƙirgawa. Na goge layukan da na fara.

Gyara tara muka yi kafin kiran La'asar. Na ƙarshe shi ne gwajin gaske. Na ɗauki rubutun nan ɗaya, ban ƙara ko ɗigo ba, na ɗora a kwamfutar sito. Maɓallin ya fito can ma, da ruwan ɗorawarsa. A nan na zaɓi yare, a tsaye, hannuna duk ƙurar roba, kuma ba ɗaya daga gidaje goman littafina da ya tambayi abin da ya raba gardamar: in masu aikin suna tsaye a kanka suna faɗa, da wanne za ka iya bin bakinsu? Asabar na kwashe layi na ɗaya da na biyu na mayar kan Na Uku. Lahadi da safe na zo na tsaya, na ga Isufu ya sa lambarsa ya riƙe wa wani Bulus inji na biyar, akwatin ya zama ruwan ɗorawa, Bulus ya tafi coci da farar rigarsa.

Ranar Litinin mutanen Legas suka zo su biyu, da kwat da majigi. Manhajarsu kyakkyawa ce, ba zan ɓoye ba, ta fi tawa ado nesa. Alhaji ya sa ni da Madam Rifkatu muka zauna. Babbansu ya yi bayani mai tsawo, sannan ya zo kan abin da ya ce shi ne abin alfaharinsu: da zanen yatsa take aiki, ba yadda za a yi wani ya tsaya a madadin wani, ko da minti ɗaya, har abada. Alhaji ya tambaya ko za a iya sassauta wannan ranar Juma'a da Lahadi. Mutumin ya yi murmushi ya ce ai don a hana irin wannan aka gina ta. Alhaji ya yi musu godiya sosai, ya sa aka ba kowannensu bokiti da buta, aka raka su mota.

Da suka fita ya ce ofishina nawa ne, amma da sharaɗi. Ba zai bar kamfaninsa a kan yaren da tsoho ɗaya kaɗai ya iya ba. Ranar Juma'ar nan ya kira ni sau shida waya a kashe. Dole in koya wa wani, kuma yana so ya ji sunan wanda zai riƙe ofis in na tafi masallaci.

Ina cikin tunanin wa zan ambata, Madam Rifkatu ta ce, "Ni zan riƙe masa. Ya koya mini. Amma ya san yadda ake yi a nan."

Na san yadda ake yi. Yanzu duk Talata da Alhamis tana zuwa ofishina awa ɗaya da littafinta mai layi, na saya mata rula, jan biro kuma ta ce nata zai fi nawa aiki. Ranar Juma'a ita ke zama a kujerata. Ranar Lahadi daga takwas zuwa sha ɗaya ni ke duba mata layi na biyu, da tsumma a kafaɗa, ina ɗaga bokiti ina duba gindinsa a haske. Isufu ya ce hannuna ya fara faɗawa, amma har yanzu in na wuce yakan bi bayana ya sake dubawa.